Naman da Ke Cikin Kwalbar Khadijatu

Ranar Talata da hantsi aka kulle Gwadabe ɗan acaɓa a zauren mai unguwar Tarai, leɓensa a fashe, takalminsa ɗaya ya ɓace wajen ja-in-ja. Laifin da aka ɗora masa ba na wasa ba ne. Cewa aka yi ya sayar wa matsafa naman mutum.

Naman kuwa na Khadijatu ne, matar Malam Dalhatu mai makarantar allo. Wata huɗu da suka wuce, a tsakiyar bazara, aka yi mata aiki a wani asibiti aka cire mata ƙari daga nononta na hagu. Aka sa ƙarin a kwalba cikin ruwan magani, aka miƙa wa mijinta aka ce a kai Kano a auna, domin haka ake yi, dangin mara lafiya ne ke kai abinsu da kansu. Ranar Juma'a aka sallame ta, wurin awon kuma sai Litinin, saboda haka kwalbar ta kwana uku a gida kafin Gwadabe ya ɗauke ta a babur. Bayan sati uku takarda ta dawo ta ce nama ne lafiyayye, babu daji. Aka yi murna, aka yi sadaka, kowa ya koma harkarsa.

Sai ranar Litinin ɗin nan wata likita ta sauko daga mota a ƙofar gidan Malam, ta ce naman da aka auna ba na Khadijatu ba ne. Ba ma na ɗan Adam ba ne.

To, kun dai san jama'a. Kafin gari ya waye an gama shari'a a bakin rijiya, an yanke hukunci a teburin mai shayi. Da mai unguwa ya ga abin zai fi ƙarfinsa, sai ya ja Gwadabe ya kulle, ya aika a kira Bappa.

Sunansa na yanka Bello, amma ƙanin mahaifin Khadijatu ne, kuma tun da ta buɗe baki ta kira shi Bappa sunan ya bi shi har tsufa. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata, daga Kibiya har dajin Falgore. Mutum ne da ba ya kallon fuska idan ana yi masa magana, ƙasa yake kallo, har baƙi su ɗauka kunya ce. Ba kunya ba ce, ya dai fi yarda da ƙafar mutum fiye da bakinsa.

*

A gindin dalbejiyar ƙofar gidan Malam ya sami likitar. Dakta Ramlat ce, 'yar Rano, aikinta duba nama a madubin awo a can Kano.

"Baba, ni ba laifi nake nema ba," in ji ta. "Bincike nake yi a kan wani sinadari da ke jikin ɗan Adam. Aikinsa yanka furotin, wato zaren da aka saƙa namanmu da shi. Kamar almakashi yake. Lafiyayyen jiki yana da shi, amma a wurarensa: a hanji, a ƙoda, a fata, a bakin hanyoyin da nono ke bi. Yana datse abin da ya tsufa, ya tsaya nan. Idan ƙarin daji ne kuwa, sai ka same shi ko'ina, musamman a gefe-gefe, domin da shi ciwon ke yanka hanya ya shiga gaba."

"Kamar ɓarawon shanu da shinge," in ji Bappa.

"Haka. Muna da wani rini da muke zubawa, duk inda sinadarin yake sai wurin ya koma ruwan ƙasa. Ina buƙatar lafiyayyen nama in gwada da mai ciwo, sai na ɗauko na 'yarku daga ajiya, tunda takardarta ta ce lafiyayye ne. Na zuba rini, ko ɗigo bai kama ba. Na sake, haka. Nonon mace komai lafiyarsa sai bakin hanyoyin nan sun kama. Da na ƙura ido sosai sai na ga abin da aka tsallake da farko. Hantsar dabba ce, akuya ko tunkiya, kuma a cike take da nono lokacin da aka yanke ta."

Bappa ya daɗe yana zana ƙasa da sandarsa.

"To na ainihin fa?"

"Shi nake so a nemo. Amma abin da ya fi shi, Khadijatu ta koma asibiti. Wata huɗu ke nan babu wanda ya san abin da ke jikinta. Na roƙe ta jiya, ta ƙi."

*

Khadijatu tana tsakar gida tana tankaɗe, uwarta Saude na gefe tana tsince wake. Saude matar yayan Bappa ce marigayi, a Fammar take zaune, kusan kullum sai ta tako ta duba 'yarta.

"Bappa, babu inda zan je," in ji Khadijatu bayan an gaisa. Ta zaro takardar daga cikin leda, duk ta yi laushi don yawan buɗewa. "Su suka rubuta da hannunsu lafiyata lau. Yanzu sun rikita kwalabensu a can, suna neman wadda za su sake yankawa. Shi kuma Gwadabe a sake shi, bawan Allah bai yi komai ba."

"Faɗa masa dai," in ji Saude, ba ta ɗago kai ba. "Wuƙa ɗaya ta isa."

Bappa bai yi musu ba. Yana kallon yadda Khadijatu ke riƙe rariya da hannun dama kaɗai, hagun kuma ta ɗan ware shi daga jikinta kamar mai ɗauke da ƙwai a hammata. Da ta tashi ɗauko masa ruwa sai ya bi sawunta a kan damshin tsakar gidan. Ƙafar dama tana nitsewa, ta hagu tana taɓa ƙasa a hankali. Mai lafiya ba ya tafiya haka. Tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ɓarayi suka ritsa shi a daji. Yarinyar nan shi ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta.

Ya gane abu ɗaya kafin ya fita. Muddin ba a nuna mata wanda ya musanya naman da idonta ba, takardar nan za ta riƙe har ta kai ta kabari.

*

Gwadabe na ganin Bappa ya fashe da kuka, ƙato da shi.

"An gan ka ka tsaya a Yalwa da ledar, ka shiga wani gida," in ji Bappa.

"Gidan tsohuwata ne, wallahi. Tsoro nake ji, Baba. Ban taɓa ɗaukar naman mutum ba. Na shiga ta yi mini addu'a, ta sa na yi alwala, ta ce in tafi a hankali kamar mai ɗauke da gawa. Shi ya sa sai azahar na isa Kano."

"Ka buɗe ledar?"

"Ni? Ko leƙawa ban yi ba. Matar da ta karɓa ce ta buɗe a gabana. Har ta yi ta fama da murfin, an ɗaure shi da tsumma, ta kasa kwancewa. Ni na ja bakin tsumman kawai, sai ya warware gaba ɗaya."

Bappa ya ɗago kai, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Tsumma? Ba filasta ba?"

"Filastar tana nan, amma ta saki. Tsumman ne ya riƙe."

Bappa ya zare igiyar da ke wuyan sandarsa ya miƙa masa ya ce ya ɗaura irin ɗaurin. Gwadabe ya yi ta cukuikuye igiya, ya kasa. Sai Bappa ya karɓa, ya naɗa sau biyu a yatsansa, ya cusa hanci, ya ja.

"Shi ne. Wallahi shi ne."

Ɗaurin dangwali ke nan, igiyar da ake jera maruƙa a kai lokacin tatsa. Maraƙi ya ja iya ƙarfinsa ba zai kwance ba, mai tatsa kuwa da hannu ɗaya za ta saki. Wanda bai tashi cikin shanu ba ba ya yin sa. Gwadabe ɗan masaƙa ne, ko akuya bai taɓa ɗaurewa daidai ba. Bappa ya fito daga zauren ransa a jagule, domin ɗaurin nan ya fitar da mutum ɗaya daga zargi ya shigo da danginsa shi Bappa gaba ɗaya, tunda duk cikin shanu suka tashi.

*

Da yawa a gari Malam Dalhatu suke zargi a ɓoye, don an ji shi da kunne a asibiti yana cewa duk abin da aka yanke daga jikin ɗan Adam haƙƙinsa a binne shi. Bappa ya same shi a zaurensa ya tambaye shi kai tsaye.

"Na faɗa, ba zan musa ba," in ji Malam. "Har yanzu ma haka na sani. Amma ranar Asabar na je Rano wajen malamina, ya ce lalura ce, a kai a auna, in an gama a roƙa su dawo da shi a binne. Na yarda. Da na so binnewa, da rana tsaka zan binne, in gaya wa kowa. Me zai kai ni ga naman akuya?"

"Ina kwalbar ta kwana?"

"A ɗakin Khadijatu, a kan kabad, bayan littattafaina. Ni ban ƙara taɓa ta ba sai da safiyar Litinin, na same ta a ƙulle cikin baƙar leda na miƙa wa Gwadabe."

"Su wa suka shiga ɗakin?"

Malam ya yi murmushin takaici. "Ka tambayi wa bai shiga ba. Matan Tarai duka, da danginku na Fammar, da na ruga. Kwana uku ana dubiya. Kai ne ma kaɗai ba ka zo ba."

Gaskiya ne. A satin Bappa yana bayan wasu shanu tara da aka kora kudu. Ya dawo da shanun, har aka yi ta yaba masa. Yanzu da ya tuna sai ya ji kamar ya tofar da yabon.

Ya dubi yatsun Malam, duk tawada, ya dubi yadda ya ɗaure buhun gero a lungu, ɗaurin da ko kaza za ta kwance. Ya yi sallama.

Washegari ya zaga mahautan Kibiya. Duk bakinsu ɗaya. Akuya mai shayarwa ba ta zuwa mahauta a bazara, lokacin da nono ke wuya, sai in ta karye ko tana shirin mutuwa. Wani tsohon mahauci ya tuna an sayi hantsa a wajensa, Bappa ya ɓata rabin yini yana bin mai sayen, ashe na saniya ce, kuma bayan sallah aka saya, don romo. Ya dawo da ciwon ƙafa kawai. Amma tsohon ya faɗi wata magana da ta tsaya masa a rai.

"In a gida aka yanka, nemi marayan. Uwa mai nono ba ta tafiya ita kaɗai, tana barin wani a baya."

*

Ranar Alhamis da sassafe aka yi ruwa, irin na marka, ya wanke hanya tas. Da ya ɗauke sai Bappa ya nufi Fammar, niyyarsa ya tambayi Saude sunayen matan ruga da suka zo dubiya. Har ga Allah abin da ya kai shi ke nan.

Tun daga bakin rijiya ya ga sawun. Ƙafar mace ce tsohuwa, babban yatsan dama a karkace, ya san ta sama da shekara talatin. A kan kowane taku nata kuwa akwai ƙaramin kofato. Ɗan akuya ne, bai wuce wata biyar ba. Ta tsaya ɗibar ruwa, ya tsaya. Ta ratse ta gaida maƙwabciya, ya ratse. Garken awakin unguwa ya bi ta gabas zuwa kiwo, sawunsu a fili, shi ko waiwayarsu bai yi ba. Ɗan akuya uwarsa yake bi. Wanda ya bar garke ya bi mutum har ƙofar ɗaki, to a hannun mutumin ya sha nono.

Bappa ya tsaya a tsakiyar hanya. Da ana iya goge sawu daga ido, da ya goge.

Ya sami Saude tana shirin tafiya Tarai, ɗan akuyan ja, yana tsotsar bakin zaninta.

"Adda, ina jar akuyarki mai yawan nono?"

"Na sayar."

"Kika bar ɗanta?"

"Mai sayen bai so shi ba." Ta ɗauki ƙwaryarta. "Rana na yi, Bello. Ka ja mini ƙofa in za ka fita."

Ta ɗaure ɗan akuyan a turke don kada ya bi ta. Naɗi biyu, ta cusa hanci, ta ja, ko kallon igiyar ba ta yi ba.

Da ta tafi sai ya bi ɗaya sawun nata, wanda ya zaga bayan ɗaki. A gindin tsamiya ya ƙare, inda gwiwoyi biyu suka yi gurbi a ƙasa, gurbin da ba na yau kaɗai ba ne. Bappa ya san wurin. Nan aka binne mabiyiyar Khadijatu ranar da aka haife ta, shekara talatin da huɗu da suka wuce, shi da yayansa suka haƙa ramin. Ya ajiye sanda, ya yi bisimilla, ya tona da hannunsa. Bai kai kamu biyu ba ya taɓa sakaina, a ƙarƙashinta farin ƙyalle da ƙasa ta rina, an naɗe shi da kyau kamar yadda ake yi wa mamaci.

Ya zauna a wurin har rana ta take. Matar nan ita ta yi jinyar yayansa shekara biyu ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ita ta yi wa Bappa tuwo lokacin da matarsa ta rasu. Ya yi tunanin ya same ta a ɓoye, amma ya san Saude, za ta musa har gobe, Khadijatu kuma uwarta za ta gaskata. Ga Gwadabe a kulle, ga hannun hagun nan da ba ya sauka.

*

Bayan la'asar aka taru a zauren mai unguwa. Malam Dalhatu na gefe da carbinsa, Gwadabe a rakuɓe jikin bango, Dakta Ramlat a kan benci, Khadijatu da uwarta a kan tabarma ta wajen ƙofa. Jama'a sun cika waje, ana jiran a ji wa za a jefa.

Bappa ya shigo da ɗan akuya a kafaɗa. Aka fara dariya, ya bari aka gama.

"Likita ta ce naman da aka kai Kano hantsar dabba ce mai shayarwa," in ji shi. "Mahauta sun ce ba a wajensu aka saya ba, a gida aka yanka. Murfin kwalbar kuma da ɗaurin dangwali aka ɗaure shi. Gwadabe bai iya ba, Malam bai iya ba. Wanda ya yanka uwa mai nono ya bar maraya, marayan kuma ya san wanda ya raine shi."

Ya sauke ɗan akuyan a tsakiyar zaure. Ya ɗan tsaya yana rarraba ido, ya yi kuka sau ɗaya, ya wuce mai unguwa, ya wuce Malam, ya tsallake ƙafar likita, ya je ya cusa kai a cinyar Saude ya kama bakin zaninta.

"Don na raini ɗan akuya?" in ji Saude. Muryarta ba ta yi rawa ba.

Bappa ya zaro ƙyallen daga aljihu ya ajiye a gaban Dakta Ramlat. Ta warware a hankali. Abin da ke ciki bai fi dabino ba, baƙi, ya marmashe a gefe. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta girgiza kai.

"Ƙasa da ruwa sun gama da shi. Babu abin da zan iya karantawa a nan."

"A gindin tsamiya na tono shi, Adda," in ji Bappa. "Kusa da mabiyiyarta."

Khadijatu ta juya ta dubi uwarta. "Inna?"

Saude ta ɗora hannu a kan ɗan akuyan. Da ta buɗe baki, da 'yarta take magana, kamar babu kowa a zauren.

"Yayata Lami, haka suka yi mata. Suka yanki kaɗan, suka auna, suka ce a dawo. Ta dawo suka cire nonon gaba ɗaya. Wata shida ba ta yi ba. Ni na wanke ta, na ga abin da suka bari. Da na ga kwalbar nan a kan kabad na san hanyar da aka ɗauko ke nan. Na ce in lafiyayyen nama suke nema su ƙyale ki, zan ba su lafiyayye. Na koma gida ranar Asabar na sa aka yanka jar akuyata, ita ce mafi lafiya a garke, na ce sadaka ce. Ranar Lahadi kina barcin rana na musanya. Naki kuma na wanke shi na yi masa sutura, na kai shi inda sauranki yake. Naman 'yata ba zai zauna a kwalba a hannun baƙi ba." Ta shafa kan ɗan akuyan. "Ciwon ai sun riga sun cire shi. Takarda kawai na gyara."

Mutanen da suka zo da duwatsu a aljihu suka rasa inda za su sa idonsu.

"Khadijatu," in ji Bappa, "ɗaga hannunki na hagu."

Ta dube shi, ta dubi takardar da ke cinyarta. Ta fara ɗagawa. Bai kai kafaɗa ba ta cije leɓe, hawaye suka zubo, hannun ya koma.

"Kaluluwa ce," in ji Saude da sauri. "Ina shafa mata man shanu. Wata biyu ke nan, tana raguwa."

"Ba ta raguwa, Inna," in ji Khadijatu. "Uku ne yanzu."

Ta ninke takardar ta ajiye a kan tabarma, ta ce wa mijinta ya nemo mota. Mai unguwa ya buɗe baki zai yi maganar hukuma, Gwadabe ya ce shi ya yafe, a ba shi takalminsa kawai in an gani.

*

A Kano aka ciro nama daga hammatar Khadijatu. Wannan karon Bappa ne ya ɗauki kwalbar, daga ɗakin aiki zuwa ɗakin awo, da hannu biyu, bai ajiye ta ko'ina ba. Bayan kwana goma Dakta Ramlat ta kira shi ciki ta zaunar da shi gaban madubin. Ya sha wahala kafin ya iya rufe ido ɗaya, sannan ya gani.

"Wannan na wata mata ce, lafiyayye," in ji ta. Fili ne mai shuɗi-shuɗi, da siraran layuka ruwan ƙasa a zagaye, kowanne a wurinsa kamar shanu a turke. Ta canza gilashin. "Wannan na hammatar Khadijatu ne."

Bai buƙaci bayani ba. Ruwan ƙasan ya watsu ko'ina, ya yi kauri a gefe, ya tsinka layi ya fita, ya bi ta nan ya bi ta can har ƙarshen gilashin. Ya sha ganin irin wannan a bakin shingen da aka fasa.

"Sawun nan sabo ne ko tsoho?"

Ta zare gilashin. "Ba zan rantse ba, Baba. Amma likitan da ya yi mata aiki a bazara ya rubuta cewa hammatarta babu komai."

"Ya tsaya a nan?"

"Hoton da aka ɗauka ya nuna ya kai haƙarƙari da hanta. Za mu ba ta magani, za ta samu sauƙin ciwo, wataƙila ta ga kaka, wataƙila ta wuce haka. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Bappa ya gyaɗa kai. Ya san lokacin da shanu suka riga suka haye kogi. Ya yi mata godiya, ya ɗauki sandarsa.

A waje, a kan dakalin baranda, Saude na zaune. Kwana goma ke nan tana wurin, Khadijatu ba ta hana ta shiga ba, ita ce ta kasa. Ta rame, idanunta sun faɗa. Tana ganinsa ta miƙe, ta kwance bakin zaninta ta fito da wani sabon farin ƙyalle, ɗan murabba'i kamar tafin hannu biyu, ta yi masa kalmasa da allura.

"Bello, ban taɓa komai ba wannan karon. Ka roƙar mini su, in sun gama aunawa su ba ni in kai gindin tsamiya. Na yanko wannan."

Ya karɓi ƙyallen ya juya shi a hannunsa. Ɗinkin ya yi kyau, Saude ba ta taɓa yin aikin ganganci ba. Ya so ya yi fushi da ita, ya nemi fushin ya rasa, tausayi ne kawai ya samu.

"Ina sauran yadin, Adda?"

"Yana gida. Kamu goma sha biyu na saya, ɗan wannan kawai na cira."

"Kada ki ƙara yankar komai a jikinsa," in ji Bappa. "Ki adana shi, za a buƙace shi gaba ɗaya."

Ta dube shi. Karo na farko a rayuwarsa bai sunkuyar da kai ba, ya bari ta karanta fuskarsa. Ta koma kan dakalin a hankali, ɗan ƙyallen ya faɗi tsakaninsu, babu wanda ya sunkuya ya ɗauka.